Mota a Tsaye, Bashi na Tafiya

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Yamai ya san inda manyan motoci ke fara takura wa matafiyi, wato Dosso. A nan hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratso Paraku da Malanbil da Gaya, take faɗowa kan babban titin ƙasa, kuma daga nan sai direban bas ya yi ta leƙe yana neman inda zai wuce tireloli masu ɗauke da shinkafa da sukari da rodi, har ya cinye kilomita 140 ɗin da suka rage. A bazarar 2025 da na bi hanyar, mun fita Dosso mun miƙe abinmu ba mai tare mu. Ba a rasa motoci ba. Akwai na albasa daga Galmi, akwai tankokin mai daga matatar Damagaram. Amma jerin gwanon nan na Kwatano babu shi. A gefen titi ga layin dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Dosso, wanda aka yi bikin buɗewa a Janairu 2016, yana kwance yashi ya binne shi wuri-wuri, bai taɓa ɗaukar buhun ɗan kasuwa ko ɗaya ba. Duk abin da Nijar ke ci ko take ginawa da shi, a bayan mota yake zuwa.

Masaukina a Kalley ne, gidan ɗan baffana mai sayar da shinkafa da man girki a kan sari. Kalley tsohuwar unguwa ce, tana cikin ƙauyukan da suka haɗu suka zama Yamai tun kafin Faransawa su mai da garin babban birni a 1926. Asalinta ta Zabarmawa ce, amma a bakin shago mutum zai gaishe ka da Zabarmanci ya yi maka farashi da Hausa. Babbar Kasuwa, wadda ta ƙone a 1982 aka sake buɗe ta a 1987, maƙwabciyarta ce, shi ya sa yawancin gidajen bakin titi suka koma shaguna da sito. Da safe ƴan dako ne da masu tura baro, da rana zafin da ke sa kwalta ta yi laushi, da dare kuma fada: benci, tabarma, gawayi da butar shayi a kowace kusurwa.

A irin wannan fada, ƙofar siton ɗan'uwana, na tarar da mutanen da suka sa na rubuta wannan labari. Direbobi ne, amma ba na kamfani ba. Kowannensu mota ɗaya gare shi, shi ne mai ita, shi ne matuƙinta, wani lokaci shi ne makanikenta. Babbansu dattijo ne ɗan Dogon Dutse, mai tsohuwar Renault ƴar Kwatano da ya saya da kuɗin gonar gado da kuma bashin wani Alhaji. Ya zo karɓar cikon kuɗin lodin da ya sauke tun makon jiya. Ɗan'uwana na ƙorafin cewa kuɗin mota ya kashe kasuwa, cewa abin da yake biya a kawo masa kaya daga bakin teku yanzu ya yi wa na da nisa. Dattijon bai musa ba. Ya kurɓi shayinsa ya juyo wajena.

"Malam, gaskiya ƙanenka ya faɗa, kuɗin lodi ya hau. Shi ke biya, ya fi ni sani. Amma ka tambaye ni lodi nawa na yi bana."

Na tambaye shi. Ya ɗaga yatsun hannu ɗaya, bai ma buɗe su duka ba.

Yadda aka zo nan kowa a Kalley ya haddace. Ranar 26 ga Yuli 2023 soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ranar 30 ga wata ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ƙaƙaba takunkumi: Benin da Najeriya suka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarki, aka riƙe kuɗin ƙasa da ke babban bankin yankin. Ɗaruruwan motoci suka maƙale a Malanbil, kaya na lalacewa a ƙarƙashin tamfol. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma gadar Gaya, da ke kan iyakar Benin, ta ci gaba da zama a toshe, wannan karon daga ɓangaren Nijar. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani na zargin Benin da ba maƙiyanta mafaka, Benin na musantawa. Kafin rikicin, kimanin kashi 80 cikin 100 na kayan da ƙasar ke shigowa da su ta teku ta wannan gada suke bi.

Rufe hanya rabin labarin ne. Sauran rabin shi ne kayan da kansu sun ragu. A Oktoba 2023 gwamnati ta zaftare kasafin kuɗin shekarar da kashi 40 cikin 100, ayyukan gine-gine suka tsaya, lodin siminti da ƙarfe ya tsaya tare da su. Masu ba da agaji na waje suka janye ko suka rage aiki. Sinadaran da ake kai wa ma'adinan uranium a Arlit daga Kwatano, aikin da ya ciyar da direbobi shekara da shekaru, suka daina tafiya. Bankuna suka ƙayyade abin da mutum zai iya cira, ɗan kasuwar da ke oda kwantena biyar ya koma biyu. Mu kuma a Maraɗi, faɗuwar naira, wadda ta rasa fiye da rabin darajarta tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024, ta kore mana masu sayen da ke zuwa daga Katsina da Kano ta Jibiya, kasuwar da dama ba ta gama farfaɗowa daga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga 2019 zuwa 2020 ba.

A ƙa'ida, idan kaya suka ragu motoci ba su ragu ba, kuɗin lodi faɗuwa yake. Haka aka gani a Amurka daga 2022: mutane sun sayi motoci da yawa lokacin da korona ta sa lodi ya yi tsada, da kasuwa ta lafa sai farashi ya rushe, dubban masu mota ɗaya suka ajiye sana'ar, har babban kamfani irin Yellow ya durƙushe a 2023. A Nijar abin ya rabu biyu, kuma nan ne wanda ba ya cikin sana'ar yake ruɗewa. Lodin bakin teku ya yi tsada. Lodin cikin gida ya faɗi. Mai mota ɗaya kuwa, ko wanne ya bi, asara ce ke jiransa.

Mu fara da na teku. Kayan da ke sauka a Kwatano a da, yanzu Lome suke sauka, su hau arewa ta Sinkase su shiga Burkina Faso. Hanyar da ta fi kusa, ta Fada N'Gurma da Kantchari da Torodi, ƴan bindiga sun hana ta zama hanya. Saboda haka sai a zagaya ta Wagadugu, Kaya, Dori, a shigo ta Tera, kuma ba mai bin wannan yanki sai cikin ayari da rakiyar soja. Ayari na farko, motoci wajen 300, ya iso Yamai a watan Agusta 2023. Kwatano zuwa Yamai kilomita 1,000 ne da ƴan kai. Wannan zagaye ya kai wajen 1,500.

Na zauna da biro na yi lissafi a bayan kwalin shayi. Mu ƙaddara tsohuwar tirela mai cikakken lodi tana shan lita 50 a kowace kilomita 100. Zuwa da dawowa ta Lome, kilomita 3,000, lita 1,500 ke nan. Ko da farashin Nijar aka yi lissafin, sefa 618 kowace litar gazuwal, an tashi sefa 927,000 kafin a sayi ko taya ɗaya. Ƙarin nisan kaɗai ya ci kusan jika 300. Na nuna wa dattijon, ya duba ya gyaɗa kai, sannan ya ce ai wannan mai sauƙin ne, domin mai kaya ya san da shi kuma yana biya. Abin da mai kaya ba ya biya shi ne zama.

A hanyar Kwatano, in kasuwa ta yi kyau, ya ce yakan je ya dawo sau biyu a wata. A hanyar Lome tafiya ɗaya takan cinye wata guda, wani lokaci biyu, kuma yawancin kwanakin ba a kan titi ake yin su ba. Jira ne a tashar jirgin ruwa, jira a iyaka, sannan babban jira a Kaya ko Dori har soja su ce an shirya. Ba a faɗin ranar tashi. Mutum na kwance ƙarƙashin motarsa, yana ciyar da kansa da karen motarsa, yana biyan kuɗin fili da na mai gadi, inshora na ƙarewa, gida ana bugo waya ana cewa hatsi ya ƙare, Alhajin da ya ba da bashi kuma watansa ba ya jiran ayari.

"Mota doki ce, Malam," in ji shi. "Ko ka hau ko ba ka hau ba, sai ta ci."

Wannan ita ce maganar da masu tsara manufofi ya kamata su riƙe. Direba mai zaman kansa kwanaki yake sayarwa. In kuɗin lodi ya ninka amma tafiya huɗu ta koma ɗaya, an rage masa rabin abin da yake samu, alhali ɗan kasuwa na ganin ya biya ninki, mai sayen shinkafa a Babbar Kasuwa kuma na zagin su duka biyun. Kuɗin da ya ɓace tsakaninsu bai shiga aljihun kowa ba, a filin jira ya narke. A Yuli 2024 gwamnati ta rage kuɗin gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, kuma an ji daɗin hakan. A lissafina na ɗazu, sauƙin jika 75 ne a tafiya guda. Ƙarin mako biyu a Dori ya isa ya haɗiye shi.

Washegari wani matashi daga cikinsu, wanda ya gaji motar mahaifinsa, ya ɗauke ni a babur muka haye gadar Kennedy zuwa Harobanda, inda motocin da suka fito ta Burkina ke jiran takardun duwan. Ayari bai daɗe da isowa ba. Ban taɓa ganin tireloli da yawa haka wuri ɗaya ba: lambar Nijar, ta Togo, ta Burkina, ta Gana, duk jar ƙasa ta rufe su. An shanya wanki a jikin madubi, an kafa murhu tsakanin tayoyi, mata na zagayawa da dambu da zogale. Ya nuna mini wata mota da huda biyu a ƙofar direba, ya ce tsakanin Dori da Tera aka yi mata su. Ban nemi ƙarin bayani ba. A wannan yankin ne aka sace direbobi huɗu ƴan Maroko a Janairu 2025, da suka bi hanyar ba tare da rakiya ba, kuma sai a watan Agusta aka sako su. Na ƴan ƙasa da aka kashe ko aka ƙona motocinsu, sau da yawa labarin ba ya wuce tasha. Kamfani mai mota hamsin in ya rasa ɗaya, ya yi asara. Mai mota ɗaya in ya rasa ta, ya tashi daga sana'a, kuma inshorar da yawancinsu ke iya biya ta cika sharaɗin doka ce kawai, ba ta san da harin ƴan bindiga ba.

A nan Harobanda na fahimci wani abin da ban taɓa tunaninsa ba. Ayari yana kawo ɗaruruwan motoci rana ɗaya, su sauke kaya mako ɗaya, su fito neman lodin komawa lokaci ɗaya. Nijar kuwa dama abin da take fitarwa a mota bai kai abin da take shigowa da shi ba: albasa, wake, dabbobi, fatu, aya. Mai albasar da zai aika Accra ko Abijan sai ya zauna a inuwa direbobi goma na rububinsa, ya faɗi abin da ya ga dama. Kuma albasa ba ta jure jiran ayari, don haka masu ita ma a tsorace suke lodi. A Oktoba 2024 aka hana fitar da hatsi da wake, sai zuwa Mali da Burkina, don a kare farashin abinci a gida bayan ambaliyar da ta yi ɓarna a daminar, wadda har ta yanke babban titi a Sorey, bakin Yamai, a watan Agusta. Manufar tana da hujjarta, ban musa ba. Amma ga direba, wani lodin komawa ne ya fita daga hannu. Da yawa haka suke juyawa Lome wayam, suna ƙona gazuwal don jan iska.

Waɗanda suka ce ba za su sayar da ransu a hanyar Dori ba, cikin gida suka dawo, kuma nan ne farashi ya faɗi ƙasa warwas. Motocin da aka saya don Kwatano yanzu suna layin simintin Malbaza, suna neman gero daga Maraɗi zuwa Yamai, suna zuwa Gaya kwasar abin da kwalekwale ya tsallako da shi daga Malanbil, ko abin da ya zagayo ta Najeriya ya shigo ta Kamba. Motoci sun yi wa kayan yawa. Matashin ya ce akwai lodin da yake karɓa yana sane cewa kuɗin mai da na abinci kawai zai fitar, don dai kada batir ya mutu kuma mai bashi ya ga mota na motsi.

Tsakanin mai kaya da mai mota akwai ƴan kamasho, kuma lokacin ƙunci kasuwarsu ce ke buɗewa. Babban kamfani yana da kwangila a rubuce da manyan masu shigo da kaya. Mai mota ɗaya ba shi da kowa sai ɗan kamasho, wanda ya san wane Alhaji ne kayansa suka sauka, ya karɓi lodin a farashi ɗaya ya miƙa shi a wani. A tashoshin jiragen ruwa akwai tsohuwar yarjejeniya da ta ba motocin ƙasar da ba ta da teku kashi biyu cikin uku na kayanta, kashi ɗaya ga motocin masu tashar, hukumar CNUT ke kula da rabon Nijar, ƙungiyoyin masu motoci kuma su bi layi. Wani binciken Bankin Duniya na 2009 ya ɗora wa wannan tsari laifin tsadar sufuri a Afirka ta Yamma, yana cewa layi na raya tsofaffin motoci, yana hana gasa, yana sa kowace mota ta yi tafiya kaɗan a shekara. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai na zauna da mutanen da layin nan ne kaɗai ya rage musu, kuma na ga cewa in aka soke shi yau ba a tanadi komai a madadinsa ba, dattijon Dogon Dutse ne zai fara fita, ba ɗan kamasho ba.

To ta ina ake cike giɓin? Ta jikin motar. Ana ɗora mata fiye da ƙima, duk da dokar ƙungiyar ƙasashen yankin masu kuɗin sefa, UEMOA, ta 2005 da ta ƙayyade nauyin da kowane gatari zai ɗauka, a shirya da masu sikeli da masu tsayawa a shinge. Ana jinkirta juyen mai. Ana sayen tayar da wani ya yar. Na bi matashin kasuwar Katako neman gyaran birki, na ga inda tsofaffin tireloli ke ƙarewa: an yanka su gunduwa-gunduwa, inji gefe, gatari gefe, ƙarfen jiki ya tafi wajen maƙera. Mai shagon da muka shiga ya ce masa, "Ƙanena, bana masu kawo mota a yanka sun fi masu neman kayan gyara." Lodin da ya wuce ƙima shi ke fasa titin da gwamnati ba ta da kuɗin gyarawa, titin da ya fashe shi ke karya motar da mai ita ba shi da kuɗin gyarawa. Kuma a ƙasan kowa akwai karen mota, yaron da ba shi da albashi sai abin da maigida ya ba shi in an sauke lodi. Wanda na gani a Kalley yana wanke gilashi bai kai shekara ashirin ba. Na ce masa yaushe zai karɓi tasa motar. Ya yi dariya ya ce, "Baba, ni yanzu babur nake nema."

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a takarda ƙasar ba ta cikin koma-baya. Bayan tafiyar hawainiya ta 2023, tattalin arzikin Nijar ya ƙaru da sama da kashi 8 cikin 100 a 2024, albarkacin ɗanyen man Agadem da aka fara lodinsa a jirgin ruwa a Seme cikin watan Mayu na shekarar. Man nan ta ƙasar Benin yake bi, cikin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000, yana ratsa iyakar da aka hana mota ratsawa. Bututu ba ya ɗaukar direba, ba ya sayen dambu a Dosso, ba ya ba mai faci aiki a Gaya. Shekarar da alƙaluma suka yi kyau ita ce shekarar da farashin kaya ya tashi da kusan kashi 9, ita ce kuma shekarar da dattijon nan ya sayar da filin da ya saya don gina gida.

Na ga an biya shi cikon kuɗinsa, rabi a hannu, rabi alkawari. Ɗan'uwana ba mugu ba ne, shi ma kayansa a bashi suke fita, masu shaguna na biyansa kaɗan-kaɗan. Dattijon ya ƙirga, ya ware na Alhaji, ya ware na gida ya ba yaro ya kai wajen masu aika kuɗi, abin da ya rage ya ce na mai ne zuwa Lome. Na ce, "Baba, za ka sake bin hanyar?" Ya ce in bai bi ba wa zai biya masa bashin.

Maganar buɗe gadar Gaya tana hannun shugabanni a Yamai da Kwatano, kuma dalilan tsaro da ake faɗa ba abin wasa ba ne. Amma akwai abin da bai kai wannan nauyi ba. Ma'aikatar sufuri da CNUT da ƙungiyoyin masu motoci za su iya zama da takwarorinsu na Burkina a yawaita ayari, a rage girmansa, ya riƙa tashi a kai a kai, ko da ba za a bayyana ranar ba saboda tsaro. Za su iya sa kuɗin kwanakin jira cikin takardar lodi, mai kaya da mai mota su raba, maimakon a bar wa mutum ɗaya. Za su iya kafa asusun da zai biya wanda aka ƙona wa mota a cikin ayarin da hukuma ta tsara. Masu mota ɗaya su ne mafi yawan masu ɗaukar kayan ƙasar nan, kuma duk wanda ya kai tasa Katako aka yanka, ba zai sake sayen wata ba ko an buɗe Gaya gobe. A taimake su tun motocin na kan tayoyinsu.